Bayan an soke inshorar gida: shafin kwatanta farashi ko dillali?

'Yar'uwa, kin ce kamfani ya soke inshorar gidanki saboda biyan wata biyu bai shiga ba, katin bankin da suke cirar kuɗin ya daina aiki ba ki ankara ba. Yanzu duk inda kika nufa, ko dai a ƙi ki ko a yanka miki kuɗin da ya fi ƙarfinki, ga bashin banki a kan gidan. Tambayarki ita ce ki ci gaba da lalube a shafukan kwatanta farashi na intanet, ko ki nemi dillali.

Ni dai dillali zan ce. Amma kafin nan, ɗauko wasiƙar da suka aiko miki ki duba kalmar da suka yi amfani da ita, domin abu uku ne mutane ke haɗawa su kira soke. Akwai yanke yarjejeniya tana tsakiyar shekara. Akwai ƙin sabuntawa, wato su bari wa'adi ya cika sannan su ce sun gode. Akwai kuma rushe ta tun daga tushe kamar ba a taɓa yi ba, wanda ake yi wa wanda aka kama da ƙarya a fom. Na ukun ne mai baƙin jini. Naki na farko ne, kuma dalilinsa, rashin biya, na cikin masu sauƙin wankewa. Saboda haka ki fara buga wa tsohon kamfanin waya ki tambaya ko za su maido da ita in kin biya abin da ake binki. Wasu na yarda idan abin bai daɗe ba. In sun ƙi, ki roƙi takarda mai nuna dalilin sokewar ƙarara.

To, shafin kwatanta farashi. Amfaninsa a fili yake: cikin minti kaɗan kin ga kamfanoni da yawa a jere, ba wanda zai tsare ki da daɗin baki. Ga wanda tarihinsa ba tabo, yana da wuya a fi shi arha. Matsalarsa gare ki layi ɗaya ce a cikin fom, inda ake tambaya ko an taɓa soke miki inshora ko an ƙi ki. Zaɓi biyu ne kawai a ƙasa, e da a'a. Babu gurbin da za ki rubuta cewa kati ne ya mutu. Kina danna e, na'ura ta jefa ki kwando ɗaya da wanda ya cinna wa gidansa wuta don ya karɓi diyya, kamfanoni da dama su ɓace daga jerin, sauran su ɗaga farashi. Wasu shafukan ma ba sa tambaya kai tsaye. Sai su sa jerin abubuwan da suka ɗauka gaskiya ne game da ke, har da cewa ba a taɓa soke miki ba, ke kuma ki danna amincewa ba ki karanta ba.

A nan ne zuciya ke raya wa mutum ya danna a'a ya huta. Kada ki yi. Kamfani ba ya yawan tona tarihi ranar karɓar kuɗi, ranar biyan diyya yake tonawa. A Birtaniya, dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ba kamfani damar rushe yarjejeniya, ya ƙi biyan komai, har ya riƙe kuɗin da aka biya shi, idan ƙaryar da gangan aka yi ta. Kamfanoni kuma suna musayar tarihin neman diyya a tsakaninsu: a Birtaniya akwai rumbun CUE, a Amurka akwai rahoton CLUE na kamfanin LexisNexis da ke komawa baya har shekara 7, wanda mutum ke da ikon neman kwafin nasa kyauta. Abin da ya halatta shi ne ki karanta tambayar da kyau. Wani kamfani cewa yake "an taɓa", wani kuwa shekara 3 ko 5 da suka wuce kawai yake tambaya. Ki amsa abin da aka tambaya, daidai da yadda aka tambaya.

Dillali fa? Ina nufin mai zaman kansa da ke hulɗa da kamfanoni da yawa, ba wakilin kamfani guda ba, wanda hajar ubangidansa kaɗai zai nuna miki. Fifikonsa shi ne yana da baki. Zai ɗauki wasiƙarki da bayanin asusunki mai nuna shekarun da kika yi kina biya ba fashi, ya kai gaban ma'aikacin da ke auna haɗari ya sa farashi, ya ce masa ga abin da ya faru. Mutum na iya jin uzuri. Ya kuma san kamfanonin da sana'arsu ke nan, karɓar waɗanda aka ƙi, irin masu aiki ta kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan, waɗanda galibi ba a kai musu sai ta hannun dillali.

Dillali ma yana da nasa aibin. Ba ya sauri, kwanaki za ki jira. La'adarsa yawanci daga kamfani take fitowa, wani kuma ya ƙara da kuɗin hidima daga gare ki, don haka ki tambaye shi tun farko nawa yake samu kuma daga wa. Ki tambaye shi kamfani nawa ya tuntuɓa, ki duba sunansa a rajistar hukumar da ke sa ido kan inshora a ƙasarki. In a Amurka kike ya kai ki irin kamfanonin nan na musamman, ki sani asusun jiha da ke rufa wa mutane asiri idan kamfani ya karye galibi ba ya shafar su.

Batun arha kuma, ko ta wace hanya kika bi, wasu abubuwa a hannunki suke. Mafi dacewa da halinki shi ne biyan shekara gaba ɗaya in da hali: kin kashe dalilin da ya sa aka kore ki, kin kuma tsira daga ƙarin da ake ɗora wa biyan wata-wata. Sai kason da kike ɗauka daga aljihunki kafin kamfani ya fara biya. In kin ɗaga shi farashi zai sauka, amma kada ya wuce abin da za ki iya fitarwa a ranar da rufi ya yaye. Sannan ki tabbata kuɗin sake gina gidan aka rubuta, ba kuɗin sayar da shi ba, tunda fili ba ya ƙonewa.

Inda ake yaudarar mutane shi ne wajen ma'aunin diyya. Takardu biyu za su zo miki, ɗaya ta fi arha nesa ba kusa ba. Ki buɗe ta ki nemi inda aka yi maganar rufi. Mai tsadar ta ce za ta biya kuɗin sabo. Mai arhar ta ce za ta biya darajarsa a ranar da ya lalace, wato bayan an cire tsufa. Rufin da ya shekara 15, abin da zai rage bayan wannan ragin ba zai kai ki ko'ina ba. Shafin intanet a ƙananan rubutu yake binne wannan. Dillalin kirki da yatsa zai nuna miki.

Akwai hanya ta uku, tsarin da hukuma ke kafawa domin waɗanda kasuwa ta ƙi, kamar shirin FAIR a jihohin Amurka da dama, wanda na Kalifoniya ya fara tun 1968. Yawanci gobara da 'yan abubuwa kaɗan yake rufewa, kuma ba arha ba ne. Ban ga kin kai nan ba tukuna.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne bankin. Yarjejeniyar bashin gida kusan kullum tana wajabta inshora, kuma in banki ya ga babu, shi zai saya ya ɗora miki kuɗin a kan bashin. Irin wannan ta fi tsada, ginin take karewa domin amfanin banki, kayanki na ciki ba ruwanta da su. A Amurka sai sun aiko da sanarwa aƙalla kwana 45 kafin su fara cajin ki, kuma in kin kawo shaidar kin sami taki, suna da kwana 15 su soke tasu su maido kuɗin kwanakin da biyun suka haɗu. Ga shi kuma kowane mako da gidan ya yi ba inshora wata tambaya ce da sabon kamfani zai yi miki. Don haka in dillali ya kawo wadda za ki iya ɗauka ko da ta ɗan yi nauyi, ki karɓa ta shekara guda, ki aika wa banki kwafin takardar a ranar. Wata guda kafin ta cika, ki koma shafin kwatanta farashin ki sake gwadawa.