ACF ko Pods wajen haɗa manomi da kayansa a WordPress

Ɗan uwanmu na Tawa ya tambaya: yana gina wa wata ƙungiyar manoman albasar Galmi shafi a WordPress, ya haɗa kowane kaya da mai shi ta filin Relationship na ACF, wato Advanced Custom Fields, filogin da ke ƙara wa WordPress filayen bayanai. Tun da masu ajiye masa shafin suka koma PHP 8, sabon zubin yaren da WordPress ke aiki da shi, wannan saƙon kuskure yake fitowa: Attempt to read property "ID" on int. Kuma in an buɗe shafin manomi, kayansa ba sa bayyana. Ko ya bar ACF ya koma Pods, wani filogin mai irin wannan aikin?

Ɗan uwa, kar ka tashi tukuna. Matsala biyu gare ka, kuma ta farkon ba ruwanta da wane filogin ka ɗauka.

Rubutun nan yana nufin umarnin da ke cikin jigon (theme) shafinka yana jiran cikakken bayanin manomi, sai ACF ya miƙa masa lambar shaidarsa (ID) kawai. Shiga saitin filin, ka duba Return Format. In yana kan Post ID, mayar da shi Post Object, ko ka bar shi yadda yake ka kira get_post() da lambar. Kuskuren nan ya daɗe a kwance: PHP 7 yana ɗaukarsa ƙaramar sanarwa, PHP 8 da ya fito a 2020 ne ya mai da shi gargaɗi. In kana son sanin layin da abin yake, kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG a wp-config.php, ka karanta debug.log cikin wp-content. In ka gama ka kashe su.

Ta biyun ce ta cancanci kwatance, domin a nan ACF da Pods suka sha bamban.

ACF yana ajiye haɗin ne a gefe guda. Ka zaɓi manomi daga shafin kaya, sai ya dunƙule lambobin a layi ɗaya cikin teburin wp_postmeta, ƙarƙashin kayan. Shi manomin bai ma san an haɗa shi da komai ba. A da, dole ka rubuta bincike da LIKE, umarnin neman abin da ya ƙunshi lambar, don gano kayan manomi, kuma in ka manta ka sa lambar cikin alamar zance, neman 12 zai kwaso maka 120 da 312, sai albasar wani ta fito a shafin wani. Ga ƙungiyar da suna da amana suke jarinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tun ACF 6.2 na watan Agusta 2023 akwai maɓallin Bidirectional. Ka yi filin Relationship a gefen manomi, ka ɗaure su biyun. Abin da mutane ke mantawa shi ne, tsofaffin kayan ba za su haɗu da kansu ba, sai ka buɗe kowanne ka sake adanawa.

Shi kuwa Pods kyauta ne, ya daɗe da haɗi mai fuska biyu, kuma yana da teburinsa na daban, wp_podsrel, inda kowane haɗi ke da layinsa. Wannan tsari ya fi tsabta, musamman in bayanai suka yi yawa. Wanda zai fara daga tushe, yana da manoma da gonaki da kasuwanni duk a sarƙe, ni Pods zan ce ya ɗauka, ko da yake koyonsa ya fi cin lokaci.

Kai fa ka riga ka gina. Komawa Pods na nufin sake ƙirƙirar filaye, sauya kowane get_field() da ke jigonka, da sake haɗa kaya da masu su. Ga ƙungiya mai manoma kaɗan, wahalar ta fi ribar, kuma gyaran da ke gabanka bai wuce na yamma ɗaya ba.

In ka yi duk wannan har yanzu wasu sunaye suna fitowa a karkace, tambayi kanka ko ka taɓa kwaso bayanan daga wani shafi ta hanyar Import. Lambobin kan canza a hanya, filin kuma yana riƙe da tsofaffin, kuma Pods ma ba zai warkar da wannan ba. Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin rumbun bayanan ka ajiye, sannan ka turo mana layin da debug.log ya nuna mu duba tare.