Hattara da masu tallar dawakin gilashi na jeren amarya a Yamai

Jama'a, akwai masu tallar dawaki, tsuntsaye da kifayen gilashi a WhatsApp da Facebook, suna rantsuwa aikin hannu ne na Murano. Sai an tura rabin kuɗi, mai babur ya kawo kwali a ɗaure, ya amshi ciko ya yi gaba. Uwayen amare aka fi cuta, don suna cikin gaggawar jere.

Murano tsibiri ne a Benis ta Italiya, inda aka tattara maƙeran gilashi tun 1291. Tambarin da ake liƙawa don shaidar gilashin Murano na asali, wato Vetro Artistico Murano, na ɗauke da lambar masana'antar da ta yi kayan. Ɗan liƙi mai ruwan zinariya da ba lamba, kowa na iya buga shi.

Ku buɗe kwalin kafin ku biya. Da yawa roba ce aka zuba a mazubi. Gilashi ya ninka ta nauyi, in ka ɗora shi a kumatu za ka ji sanyi. Ku gasa allura ku taɓa gindin: roba za ta lotsa ta yi wari, gilashi ko gezau. Robar kuma rana na mayar da ita rawaya.

Ko gilashin ne, a bi shi da yatsa. Layi siriri da ya bi gadon bayan doki ya sauka ciki, mahaɗar mazubi ce, aikin inji ke nan. Na hannu, a gindinsa akwai tabon sandar da aka riƙe shi a wuta, ko gurbin da aka goge tabon, kuma biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Launi a cikin jiki yake. In auduga da maganin goge farce sun ɗebo shi, fenti ne.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne gilashin da ba a bari ya huce da kyau ba. Bayan ƙira, ana ajiye shi a murhu wajen digiri 500, a riƙa sauke zafin a hankali, mai kauri ma har kwanaki. In aka yi gaggawa, waje ya daskare ciki da saura, sai ya zauna a ɗaure. Ranar da ya fito daga ɗaki mai sanyi ya shiga zafin Afrilu, wuya ko ƙafa ta tsage ba wanda ya taɓa, ɓaraguzan kuma a ɗakin da yara ke rarrafe.

Wanda ya ƙi a buɗe kwali, a mayar masa da kayansa. In an riga an biya, a adana saƙonnin da rasidin turawa, a kai wa ƴan sanda.