Sharhi Kan Tankin Kifin Zinare Mai Lita 54 da Kifayen da Aka Haɗa Mini da Shi

Wata takwas ke nan da na sayi wani tankin gilashi mai cin lita 54, irin wanda shagunan kifin ado suke sayarwa a haɗe da kayansa domin masu farawa. A cikin kwalin akwai murfi mai fitila, da matatar ruwa da ake mannawa a jikin gilashi ta ciki, da tsakuwa, da ragar kama kifi, da ƙaramar kwalbar maganin kashe kilorin. Mai shagon ya kuma zaɓar mini kifayen da ya ce za su zauna tare lafiya: kifin zinare uku, biyu irin masu dogon jiki da ake kira kwamet, ɗaya kuma oranda mai tozo a ka, sai ƙananan tetura masu ratsin shuɗi guda biyar, da fuleko ɗaya wanda aka ce aikinsa share gansakuka. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin ba a gane kirkin tankin kifi a makon farko, lokacin da ruwa yake garai-garai kuma kifayen ba su wuce tsawon yatsa ba.

Game da ƙirar tankin ba ni da ƙorafi. Gilashin yana da kauri, haɗin kusurwoyinsa ya yi kyau, kuma har yau ko ɗigo bai taɓa yoyo ba. Murfin yana zama daram, fitilar ba ta dumama ruwa, matatar kuma ba ta da ƙarar da za ta hana mutum barci. Wanda ya ƙera shi ya san aikinsa. Matsalar tana ga hoton kifin zinare da aka buga a jikin kwalin, da kuma shawarar da aka ba ni a shagon.

Kifin zinare ba ƙaramin kifi ba ne, sai dai ana sayar da shi yana ƙarami. Dangin wani babban kifi ne da ake kira kaf, wanda aka fara kiwonsa domin ado a ƙasar Sin fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma a tafkuna aka fara tsare shi. Kwamet yana iya kai santimita 25 zuwa 30, oranda da ire-irensa masu dunƙulallen jiki kan kai 15 zuwa 20, kuma idan sun sami kulawa sukan rayu shekara 10 zuwa 15. Akwai ma wani mai suna Tish da ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43. Ma'aunin da masu kiwo da yawa suke bi shi ne kusan lita 75 ga kifi na farko mai dunƙulallen jiki, a ƙara wajen lita 40 kan kowane ƙari, kwamet kuwa ya fi wannan buƙata nesa ba kusa ba. Ke nan tankin da aka zuba mini kifi tara a ciki bai isa ko oranda ɗaya ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an bar ni na tafi da tanki da kifi a rana ɗaya, ba tare da an yi mini bayanin renon matatar ruwa ba, wato barin ta ta yi aiki na makonni kafin a saka kifi. Kifin zinare ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, yana ci kusan ko da yaushe, yana kuma fitar da ƙazanta mai yawa, wadda take zama amoniya a cikin ruwa. Amoniya guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne suke zama a cikin soson matatar ruwa su mayar da ita nitrait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mayar da nitrait zuwa nitret, wadda ake ragewa ta hanyar canjin ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. A mako na biyu na tarar da kifayena sun taru a saman ruwa suna haki, kuma babu kayan gwajin ruwa a cikin kwalin da za su gaya mini dalili. Sai da na sayi nawa daban na ga yadda amoniya ta hau, na koma canza kusan rabin ruwan kullum har lamarin ya lafa. A ganina kayan gwaji sun fi fitila cancantar shiga wannan kwali.

Zaɓin abokan zama shi ne inda shawarar shagon ta fi rauni, domin an yi shi ne bisa abin da zai yi kyau a ido. Tetura kifin yankin Amazon ne, ya saba da ruwa mai ɗumi, alhali kifin zinare ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 23. Duk zafin da na zaɓa, sai ɗaya ya cutu, kuma ruwa mai ɗumi yana riƙe iskar shaƙa ƙasa da mai sanyi, abin da babban kifi mai yawan motsi yake fara ji. Bayan wannan akwai maganar baki. Kifin zinare ba mafaɗaci ba ne, amma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne a wurinsa, kuma tetura ba ya wuce santimita huɗu. Cikin wata uku, da kwamet suka girma, biyu daga cikin teturan suka ɓace ba tare da na ga gawarsu ba. Na mayar da ukun da suka rage ga wani mai tankin ruwan ɗumi.

Fuleko ma bai dace ba. Irin da aka ba ni shi ne na gama-gari, wanda yake iya wuce santimita 40, kuma ƙazantar da yake ƙarawa ta fi gansakukar da yake sharewa. Wani dare na kunna fitila na gan shi manne a gefen oranda yana tsotsar yauƙin jikinsa, wato santsin nan da yake kare kifi daga cututtuka. Da safe akwai jan tabo a wurin. Oranda kifi ne mai nauyin jiki da sanyin iyo, ba ya iya gudu, kuma wannan ne ya sa haɗa shi da kwamet ma kuskure ne: kafin ya juya ya kai ga abinci, masu dogon jikin sun cinye. Na daɗe ina tsammanin ba shi da lafiya, ashe yunwa ce take damunsa.

Akwai kifayen da suka fi dacewa, kuma abin mamaki shagon yana da su, ba a dai nuna mini ba. Bayan na koma da oranda cikin tanki mai lita 200, na kuma ba da kwamet ga mai tafki, na ƙaro masa wani ɗan'uwansa mai dunƙulallen jiki da kuma dojo biyu. Dojo siririn kifi ne mai gashin baki, ɗan Gabashin Asiya, yana jure ruwan sanyi, yana kiwo a ƙasa, kuma girmansa ya wuce a haɗiye shi. Yakan yi ta zirga-zirga idan yanayin iska zai canja, yana kuma da gwanintar ficewa ta ƙaramar kafa, don haka sai da murfi mai kyau. Dodon koɗi irin na nerait yana share gansakuka ba tare da ya taɓa kowa ba. Mai son fuleko ya nemi ƙaramin nan mai gashi a hanci, wanda ba ya wuce santimita 15 kuma ba a cika samunsa da tsotsar kifi ba idan yana ƙoshi. Ƙananan tarwaɗa da ake kira koridoras kuwa a nisance su, domin suna da ƙaya mai tauri da takan maƙale a maƙogwaron kifin zinare idan ya yi yunƙurin haɗiye su. Haka ma kifin da ake kira bab mai zanen damisa, wanda ya shahara da yagar jelar kifaye masu dogon fiffike.

Tsakuwar da ta zo a cikin kwalin ita ma na cire ta. Girmanta daidai bakin kifin zinare ne, shi kuma yini yake yi yana ɗiba yana tofarwa, har wata rana ɗaya ta maƙale. Yashi mai laushi ya fi, kuma dojo ma yana son binne jikinsa a ciki. Daga tsirrai, anubiyas da fan na Jaba ne kaɗai suka tsira, saboda ganyensu yana da tauri kuma a jikin itace ake ɗaure su, babu saiwar da za a tone.

Ban jefar da tankin mai lita 54 ba. Yanzu a ciki nake killace duk sabon kifi na tsawon mako uku zuwa huɗu kafin ya shiga babban tanki, kuma a nan na kama cutar farin ƙurji a jikin ɗaya daga cikin dojo kafin ta bazu. Ga wannan aiki ya yi daidai. Zai kuma yi wa garken ƙananan kifayen da ake kira na Dutsen Farin Gajimare, waɗanda asalinsu kusa da birnin Guangzhou ne, ba sa buƙatar na'urar dumama ruwa, kuma guda takwas za su sake a cikinsa su kaɗai. Wanda kifin zinare yake so, ina ba shi shawarar ya bar wannan kwali a kan kantar shago, ya nemi tankin da bai gaza lita 120 ba ga masu dunƙulallen jiki biyu, da matatar da ta fi ta cikin kwalin ƙarfi, ya kuma bar ta ta yi makonninta tana aiki, ana gwada ruwan, kafin kifi na farko ya shiga.