Equal da Werckmeister: daga ina sunayen suka fito, kuma me ya raba su?

Ɗan'uwa, ka ce ka shiga saitin kibod ɗinka ka tarar da Equal, Pythagorean, Mean-Tone da Werckmeister a jere, wato tsare-tsaren daidaita sautin maɓallai, kuma wani ya ce maka Equal da Werckmeister duk abu ɗaya ne tunda "shi Bach ya yi amfani da shi". Bach ɗin shi ne mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Ba ɗaya ba ne, kuma sunayen ma suna faɗa maka hakan.

Bari mu fara daga ciwon da dukansu ke neman magani. Idan ka raba tsirkiya biyu, rabin zai ba ka sautin farko amma a sama, wato okteb. Idan ka danne ta ka kaɗa kashi biyu cikin uku, ka sami tazarar da ke tsakanin C da G, wadda kunne ya fi so. Ka hau irin wannan tazara sau 12, ya kamata ka dawo gida daidai kan okteb na 7, amma sai ka wuce da ɗan kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar maɓalli biyu maƙwabta. Wannan rarar dole a ɓoye ta a wani wuri. Wannan ɓoyewar ita ake kira temperament, kalmar kuma daga Latin take, temperare, wato gauraya abu gwargwado, kamar mai dama fura yana daidaita nono da ruwa.

Equal bayanin aiki ne kawai: an raba rarar daidai wa daida. Idan okteb ma'auni 1200 ne, kowane mataki 100 yake, C zuwa G ya zama 700 maimakon 702. Duk gidan da ka fara waƙa, wato maɓallin da ka ɗora ta a kai, launi ɗaya za ka ji. Ba a liƙa masa sunan kowa ba, kuma ni wannan yana ɗan taɓa ni, domin Zhu Zaiyu, ɗan gidan sarautar Ming a ƙasar Sin, ya fitar da lissafinsa tun 1584, Simon Stevin kuma ya yi nasa a Turai a kusan wannan lokaci.

Werckmeister kuwa sunan mutum ne, Andreas Werckmeister, makaɗin ogan a cocin Jamus, wanda ya wallafa tsare-tsarensa a 1691. A tsarinsa da ya fi shahara, cikin tazarar nan 12 irin ta C zuwa G, huɗu kaɗai ya matse, kowacce ta ɗauki rubu'in rarar, ya bar takwas da tsarkinsu. Sakamakon shi ne kowane gida yana kaɗuwa, amma kowanne da halinsa: C a kwance take da laushi, F# tana da kaifi. Jamusawa suka kira irin wannan wohltemperiert, wanda aka saita da kyau. "Da kyau" a nan na nufin babu gidan da ya lalace, ba ya nufin duk sun zama ɗaya. Nan ruɗanin ya shigo, domin Bach ya sa wannan kalma a sunan kundinsa na 1722 mai ratsa gidaje 24, mutanen baya kuma suka ɗauka Equal yake nufi. Shi bai rubuta ainihin yadda yake saita kayansa ba, har yau masana na jayayya a kai.

Me ya sa rashin lalacewar gida ya zama abin alfahari? Saboda Mean-Tone da ya gabaci tsarin Werckmeister, wanda Pietro Aaron ya bayyana a 1523. Sunan na nufin mataki na tsaka-tsaki, tsakanin babban mataki da ƙarami. Yana da daɗi ƙwarai, amma ya tara ɓarnar a tazara ɗaya mai muni har makaɗa suka laƙaba mata kyarkeci, don kukanta. Pythagorean ma yana da nasa kyarkecin. Sunansa kuma na Pythagoras ne, masanin Girka na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake mutanen Mesofotamiya sun riga shi saita tsirkiya ta wannan hanya ta hawa tazara irin ta C zuwa G da tsarkinta.

In da mawaƙi kake aiki yana yawan ce maka ka ɗaga ko ka sauke, zauna kan Equal. In kuma kunnenka kake son ya ji bambancin, sa Werckmeister, danna C, E, G tare, sannan F#, A#, C#, ka bar su su yi ta amo kafin ka ɗaga yatsu.