Wace Sintesaiza Za Ka Saya Idan Bes Kake Nema?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar lasifika ya ji bes, wato sautin ƙasa mai kauri, yana dukan ƙirjinsa, ya san abin da ya sa har yau masu haɗa kiɗa suke zuba kuɗi a kan sintesaiza ta analog, na'urar da ke ƙirƙirar sauti da kewayen lantarki zalla, alhali kwamfuta tana iya kwaikwayonta. Ranar saye ne kai ke ɗaurewa. Na'urori ga su nan birjik, kowace da kirarinta, kuma yawancin masu saye osileta kawai suke ƙirgawa: wannan tana da uku, waccan ɗaya, ke nan mai uku ta fi. Ni ban yarda da wannan lissafi ba. A harkar bes, filta da saurin enbelof su ke raba gardama.

Osileta ita ke haifar da ɗanyen sauti, ko mai siffar haƙoran zarto ko mai kusurwa huɗu. Filta kuwa rariya ce, tana tace kaifin saman sautin ta bar maka kaurin ƙasa. Enbelof shi ke faɗa wa filta yaushe za ta buɗe, yaushe za ta rufe. Idan yana da nawa, bes ɗinka zai fito a sake kamar igiyar da ba a ɗaure ba, komai yawan osiletar da ke bayansa. Idan yana da zafin nama, sautin zai daki kunne a farkon kowane dannawa ya zauna daram tare da ganga.

Mu fara da gidan Moog, kamfanin ƙera sintesaiza, domin a nan ne yawancin mutane suka fara jin abin da suke kira kaurin analog. Minimoog ta fito a 1970 da osileta uku da filtar da Robert Moog ya ƙirƙira, wadda ake kira mai tsani saboda yadda aka jera sassanta hawa-hawa. Tana yanke sauti da ƙarfin desibel 24 a kowane oktif (tazarar sauti da ninkinsa), wato tana share sama sosai, ta bar ƙasa mulmul. In bes mai nauyi da santsi kake so, wanda zai ɗauki waƙa a kafaɗarsa ba tare da hayaniya ba, nan ne gidanka. Moog Minitaur ta 2012 ƙaramar akwati ce mai osileta biyu, babu madannai, kuma an taƙaita ta ga ƙananan sautuka da gangan. Subsequent 37 ta fi ta girma da tsada, tana da madannai 37 da wurin ajiye sautuka. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai Behringer Model D, wadda aka kwafo tsarinta daga Minimoog.

Sai dai filtar tsani tana da hali ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka biya. Da zarar ka ɗaga rezonans, wato ka sa filta ta riƙa ƙara a daidai bakin da take yankewa, kaurin ƙasa yakan ragu. Mutane da yawa sukan ɗauka na'urar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, haka aka gina ta. Don haka mai son bes mai kururuwa da kauri a lokaci guda zai sha fama da ita, sai ya haɗa da wani sautin a ƙarƙashi.

Mai son kururuwar sai ya dubi zuriyar Roland TB-303. An yi ta a farkon shekarun 1980 don ta maye gurbin mai kaɗa gitar bes, ba ta karɓu ba, aka daina ƙera ta a 1984. Daga baya matasan Shikago suka tsince ta da araha suka gina salon kiɗan asid a kanta. Osileta ɗaya tak gare ta. Sirrinta yana cikin sikwensa, sashen da ke kaɗa jerin sautuka da kansa, wadda ke zamewa daga sauti zuwa sauti tana kuma ƙara wa wasu ƙarfi, filta na amsawa kamar ana matsa ta. Behringer TD-3 tana ba da wannan ɗanɗano a sauƙaƙe. Amma fa na'ura ce mai salon sauti ɗaya. Ba zan ba wanda ba shi da wata sintesaiza shawarar farawa da ita ba.

Wadda nake yawan nuna wa mai sayen farko ita ce Novation Bass Station II ta 2013, kuma zan daɗe a kanta kaɗan. Tana da osileta biyu da sab, wato ƙaramar osileta da ke bin ta farko oktif ɗaya ko biyu a ƙasa. Amfanin sab babba ne. Idan ka ɗan karkatar da osileta biyu daga juna don sauti ya yi faɗi, sukan riƙa cin juna, ƙarfin bes yana hawa yana sauka kamar numfashi. A sautukan sama wannan daɗi ne, a ƙasa kuwa rami yake bari a cikin kiɗa. Sab ba ta yin haka domin a ɗaure take da uwarta, duk inda ta nufa tare suke tafiya. Wannan dabara ce ta sa Roland SH-101 ta 1982, mai osileta ɗaya da sab, ta yi suna wajen bes mai tsayuwa. Bayan haka Bass Station II tana da filta iri biyu, ɗaya mai zaɓin desibel 12 ko 24, ɗaya kuma mai kama da ta asid, ga wurin ajiye sautuka 128, ga madannai 25 masu cikakken girma. Kaurinta bai kai na Moog ba a kunnena, amma ta fi kowace a nan iya sauya riga.

Akwai kuma masu zafin rai. Korg MS-20 ta 1978, wadda aka sake fitarwa a ƙaramin jiki a 2013, tana da filta biyu, ɗaya na yanke sama ɗaya na yanke ƙasa. Abin sha'awa, wadda ke yanke ƙasan ita ke ƙara kauri: sauke bakinta can ƙasa, ɗaga rezonans ɗinta, sai ka ji gini yana rawa. Arturia MicroBrute tana da filtar Steiner-Parker mai kaushi. Korg Monologue kuwa tana aiki da batir, tana da ɗan allo mai nuna siffar sauti yayin da kake murɗawa, abin da ke koyar da sabon shiga fiye da dogon bayani, kuma madannanta daga sautin E suke farawa kamar gitar bes.

Batun ajiye sauti kada ka raina shi. Model D da MS-20 da MicroBrute ba sa ajiye sautin da ka gyara. Ka yi awa guda kana gyara bes, wani ya taɓa mamurɗi ɗaya, shi ke nan sai ka sake nema. A situdiyo ana iya ɗaukar hoton fuskar na'urar a ajiye. A kan dandamali, inda waƙa ke bin waƙa, wannan wahala ce ta gaske. Haka nan osiletar analog zalla takan so 'yan mintuna ta ɗumama kafin ta daidaita, zafi da sanyin ɗaki kuma suna taɓa ta.

Idan ka samu damar gwadawa kafin saye, ga abin da nake yi. Kunna osileta ɗaya kawai, haƙoran zarto. Rufe filta har sauti ya kusa ɓacewa, sa enbelof ya buɗe ta nan take ya rufe cikin ƙiftawar ido, sannan danna E na ƙasa, wanda ke kusa da 41 Hz, wato girgiza 41 a daƙiƙa. Saurari farkon sautin: yana duka ko yana lallaɓowa? Ɗaga rezonans a hankali ka ji nawa kaurin ya zube. Daga nan ka naɗi 'yan daƙiƙu ka kunna a lasifikar waya. Waya ba ta iya fitar da 41 Hz, abin da za ka ji shi ne 'ya'yan sautin da ke samansa, kuma da su ne yawancin masu sauraro za su gane bes ɗinka. Idan ya ɓace gaba ɗaya, ƙara tura sauti cikin filta har ya ɗan yi kaushi, ka sake naɗa. Na'urar da bes ɗinta ya fito a wayar ba tare da ya rasa nauyinsa a babbar lasifika ba, ita za ka tambayi kuɗinta.