Sojan gona a duniyar marubuta: sharhi kan littafin Yellowface

Littafin Yellowface na R. F. Kuang, wanda ya fito a 2023, ƙanena ne ya sayo mini shi daga Abuja, kuma mu shida da muke zaman karatu ranar Asabar bayan la'asar a nan Jos muka yi ta karɓa-karɓa da kwafi biyu har kowa ya sauke. Turancinsa ba mai tsauri ba ne, shi ya sa na gama shi cikin dare huɗu na sanyin hunturu.

Mai ba da labarin ita ce June Hayward, Baturiyar Amurka wadda littafinta na farko bai yi kasuwa ba, alhali ƙawarta Athena Liu, 'yar asalin ƙasar Sin da suka yi Jami'ar Yale tare, tauraruwarta tana haskawa. Wani dare abinci ya shaƙe Athena ta mutu a gaban June, ita kuwa ta fice da rubutun da marigayiyar ba ta nuna wa kowa ba, labarin leburorin Sin kimanin 140,000 da Ingila da Faransa suka ɗauka aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta gyara shi, aka buga da sunan Juniper Song. Abin da ya fi burge ni shi ne Song sunanta ne na tsakiya na gaskiya, don haka ba wanda zai kama ta da ƙarya, amma mai saye zai ɗauka jinin Sin ce, kuma kamfanin ɗab'in ya san da haka sarai.

A nan ne zamanmu ya rabu biyu. Wata malamar sakandare a cikinmu ta ce ta kusa ajiye littafin, domin ba ta ga dalilin zama shafi ɗari uku cikin kan ɓarauniyar da ba ta nadama ba. Dattijon da muke kira Baba Lauya ya amsa mata da cewa: "Malama, ai abin da ya dame ki shi ne sau da yawa kin ji hujjarta ta shige ki." Na goyi bayansa, saboda ni kaina na tsinci kaina ina yi wa June fargabar kada asirinta ya tonu a Twitter, sannan na ji kunyar hakan. Dariyar littafin irin wadda ake yi ana cije leɓe ce, musamman inda June take sassauta muguntar Turawan da ke cikin labarin, tana kiran abin gyaran edita.

Gardamar da ta fi tsawo ita ce ta wanda ya cancanci ba da labarin wasu mutane. Mutumin Jos ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, tunda maganar ɗan ƙasa da baƙo a bakinmu take kullum. Marubuciyar littafin, Kuang, ba ta wanke Athena ba, don Athenar ma tana tatsar baƙin cikin mutane ta mayar da shi littafi ba tare da izininsu ba. Wata matashiya kuma ta tuna mana yadda ake kwashe littattafan Hausa a WhatsApp a goge sunan mai shi a liƙa wani, ta ce satar fasahar nan ba sai an je Amurka ba.

Inda littafin ya gaza a wajena shi ne kashinsa na ƙarshe. Rigimar intanet ta yi yawa har ta fara gundura, kuma batun fatalwar Athena da aka shigo da shi ya yi kama da an ɗinka shi da gaggawa don a samu mafita. Mu huɗu muka yarda da hakan, biyu suka ce a nan ne ma suka fi jin daɗi. Kwafina yanzu yana hannun malamar da ta ce ba ta son littafin, ta ce akwai wasu shafuka da take son sake dubawa.