RTSP ko SIP: wanne ya dace da ajin bidiyo daga Damagaram zuwa Yamai?

Malam, ka tambaya wanne za ka ɗauka don ɗalibanka na nan Damagaram su riƙa ganin malaminsu da ke Yamai suna yi masa tambaya. SIP ne naka. Duka biyun, RTSP da SIP, ƙa'idojin sadarwa ne na intanet, amma ba su ke ɗaukar hoto da murya ba, wannan aikin wata ƙa'idar ce daban mai suna RTP. Su nasu buɗe zama, kula da shi, da rufe shi.

RTSP ya fito a 1998, kuma kamar rimot yake. Manhaja ta aika DESCRIBE ta ƙofa (port) 554, kyamara ta faɗi irin hoton da take da shi, SETUP ya kawo lambar zama, sai PLAY, PAUSE, TEARDOWN. Ɗaya na bayarwa, ɗaya na kallo. Ga mai shago a kasuwar Dole da ke son leƙa kyamarar tsaronsa, ya wadatar. Sai dai in aka yi sakan 60 kyamara ba ta ji daga mai kallo ba, ta rufe zaman, shi ya sa manhajoji ke yawan aika saƙon GET_PARAMETER don ta san mai kallo yana nan.

SIP kuwa kira ne, kowane ɓangare na iya fara shi. INVITE ya tafi ta ƙofa 5060 ɗauke da bayanin zama, wato SDP, inda aka rubuta adireshi da nau'in bidiyo, misali H.264. Ɗayan ya amsa da 200 OK, mai kira ya tabbatar da ACK, BYE ya rufe.

Matsalarsa adireshi ce. A rezon salula mutane da yawa ke raba adireshi guda a bayan NAT, wato tsarin da ke fassara adireshin cikin gida zuwa na waje, sai na'urarka ta rubuta na cikin gida, irin 192.168.1.5, wanda babu mai iso shi daga waje. Alamar ba ta ɓuya: malam yana ganinku, ku ba kwa ganinsa, ko kira ya yanke daidai sakan 32 don ACK bai isa ba. Kada ka zargi kyamara. Kashe SIP ALG a rauta, wato saitin da ke taɓa adireshi a saƙonnin SIP, ka koma TLS mai ɓoye saƙo ta ƙofa 5061, ka sa STUN da TURN, masu taimaka wa hoto da murya su ƙetare NAT, a sabar da ke da adireshin waje.

Ka kuma kunna Session-Expires, wato wa'adin da za a rufe zama in ba a sabunta shi ba, galibi sakan 1800. In wuta ta ɗauke ana tsakar darasi babu BYE da zai fita, sai saba ta ci gaba da ɗaukar layin a matsayin yana kan kira. Hoton 720p yana son kamar megabit 1.5 a sakan na aikawa a kowane ɓangare, don haka gwada saurin aikawa, ba na saukewa kaɗai ba.